Helena, Uwar Sarki Konstantin

Cikin labarin sarakunan Yahuza, in Littafi Mai Tsarki ya ambaci sarkin da ya hau gadon sarauta, sau da yawa ya kan faɗi sunan uwarsa kuma. Ba a banza a ke yin haka ba, gama uwar sarki tana da matsayi babba a fada. Sulemanu ya sa aka kafa wa Batsheba kursiyi a hannun damansa, Asa kuwa ya tuɓe Ma'aka daga matsayinta saboda gunkin da ta yi (1 Sarakuna, sura 2 da sura 15). Cikin tarihin ikkilisiya ma akwai wata uwar sarki wadda sunanta ya kai ko'ina, wato Helena, uwar Konstantin, sarkin Roma na fari wanda ya karɓi bangaskiyar Kirista. An zana kamanninta a majami'u da ba su ƙidayuwa, an kuma ɗora mata labarai da yawa. Waɗansu gaskiya ne, waɗansu kuwa ƙari ne na mutanen baya, ya kuwa wajaba mu rarrabe tsakaninsu.

An haife ta wajen shekara ta 250 bayan haihuwar Ubangijinmu. Wani marubuci na zamanin baya ya ce garinsu Direfanum ne, cikin ƙasar Bitiniya, wadda yanzu tana cikin Turkiyya. Masu karatun Ayyukan Manzanni za su tuna da Bitiniya: ita ce ƙasar da Bulus ya so shiga, Ruhu bai yarda masa ba, tana kuma cikin ƙasashen da Bitrus ya aika wa wasiƙarsa ta fari. Helena ba 'yar sarauta ba ce. Ambros, bishop na Milan, wanda ya yabe ta ƙwarai, bai ɓoye asalinta ba: ya ce mai aiki ce a masaukin matafiya, inda a ke ɗaure dabbobi. A idon Romawa mace mai irin wannan aiki ba ta da daraja ko kaɗan, maƙiyan ɗanta kuwa ba su taɓa mantawa da wannan ba.

Wani hafsan soja mai suna Konstantiyus ya gan ta, ya ɗauke ta. Waɗansu marubutan dā sun kira ta matarsa, waɗansu sun ce ƙwarƙwara ce. Wajen shekara ta 272 ta haifa masa ɗa a Naisus, garin da a ke kira Nish yanzu, cikin ƙasar Sabiya. Ɗan nan shi ne Konstantin.

Konstantiyus ya yi ta samun girma. A kwanakin nan mulkin Roma ya yi wa mutum ɗaya faɗi, sai sarki Diyokletiyan ya raba shi, ya ɗauki Maksimiyan abokin sarauta, daga baya kuma, cikin 293, suka naɗa ƙananan sarakuna biyu a ƙarƙashinsu. Konstantiyus yana ɗaya daga cikin biyun, aka ba shi Faransa da Ingila na yau. Amma tun kafin naɗin an riga an nuna masa abin da zai biya: ya rabu da Helena, ya auri Tiyodora, 'yar gidan Maksimiyan. Ya kuwa yi haka. Aka kai yaron fadar Diyokletiyan a Nikomidiya, a bakin cewa zai koyi aikin soja da na mulki, amma a gaskiya jingina ne, domin kada ubansa ya yi tawaye. Helena ta rasa miji, ɗanta kuma yana hannun wani. Shekaru kusan ashirin ta yi a ɓoye, marubutan tarihi ba su ko kula da ita ba.

Cikin waɗannan shekaru ne tsanani mafi zafi ya auko wa ikkilisiya. A cikin 303 Diyokletiyan ya ba da umarni a rushe majami'u, a ƙone Littattafai Masu Tsarki, a nan Nikomidiya kuwa aka fara, inda Konstantin ya ke zaune. Shekara uku bayan wannan, cikin 306, Konstantiyus ya mutu a Yok ta Ingila, sojojinsa suka ɗaga ɗansa suka ce shi ne sarki. Konstantin kuwa bai ji kunyar uwarsa ba. Ya kawo ta fada, ya girmama ta a gaban manyan da suka san inda ta fito. Kome za a faɗa a kan Konstantin, akwai kuwa abin faɗi da yawa, wannan abu ɗaya ya yi shi daidai.

Cikin 312 ya ci Maksentiyus da yaƙi a bakin wata gada kusa da Roma, bayan da ya sa alamar Kristi a garkuwoyin sojojinsa. Da shekara ta kewayo, shi da Lisiniyus, mai mulkin gabas, suka shirya a Milan cewa kowa ya bi addinin da ya ga dama, a kuma mayar wa Kirista dukiyar da aka ƙwace musu. Wajen wannan lokaci ne Helena ta fito fili da bangaskiyarta. Yusebiyus, bishop na Kaisariya, wanda ya san Konstantin ido da ido, ya rubuta cewa ɗan ne ya jawo uwar ga Kristi. Tiyodoret, wanda ya yi rubutu bayan shekara ɗari da 'yan kai, ya ce uwar ce ta goyi ɗan cikin ibada. Maganar Tiyodoret ta fi daɗin ji, gama tana tuna mana da Afiniki, uwar Timoti, amma shaidar Yusebiyus ta fi ƙarfi da ya ke shi a zamanin ya ke. In haka ne, Helena ta wuce shekara sittin kafin ta ba da gaskiya.

Ta zauna a Roma, a wata fada da ke kudu maso gabashin birnin, ta kuma gyara wani babban gidan wanka na jama'a da ke kusa, wanda gobara ta ci, har aka riƙa kiransa da sunanta. Cikin 324 Konstantin ya kori Lisiniyus, mulkin duka ya koma hannunsa shi kaɗai. Sai ya ba uwarsa sarautar Agusta, wadda ita ce mafi girma da mace za ta iya riƙewa cikin mulkin Roma. Mai karatu zai iya kwatanta ta da Mai Babban Ɗaki a gidan sarautar Kano, sai dai wannan ikonta ya kai daga Ingila har Masar. Aka buga kuɗi da kamannin fuskarta, da kambi a kanta. Yusebiyus ya ce ɗanta ya ba ta izini ta ɗiba daga baitulmali yadda ta ga dama. Garin nan Direfanum kuma aka sāke masa suna, aka ce da shi Helenobolis, wato birnin Helena.

Iko irin wannan ba ya rasa taɓa al'amuran ikkilisiya. A Direfanum ne kabarin Lukiyan ya ke, wani malami na Antakiya wanda aka kashe saboda Kristi cikin 312, Helena kuwa tana girmama shi ƙwarai. Ga shi kuwa waɗansu almajiran Lukiyan su ne suka goyi bayan Ariyus, mai koyar da cewa Ɗan Allah halitta ne, koyarwar da babban taron Nikiya ya ƙi cikin 325. Ɗaya daga cikin waɗanda suka tsaya da ƙarfi a kan koyarwar gaskiya a taron nan shi ne Yustatiyus, bishop na Antakiya. Ba a daɗe ba aka tuɓe shi aka kore shi daga ƙasar, Atanasiyus kuwa ya gaya mana cewa ƙarar da maƙiyansa suka kai wa sarki ita ce wai ya ci mutuncin uwar sarki. Wannan bai nuna cewa Helena ta bi koyarwar Ariyus ba. Abin da ya nuna shi ne, tun daga ran da ikkilisiya ta shiga fada, sunan tsohuwa ɗaya ya isa a ka da bishop.

Yanzu mun zo ga baƙar shekara, wato 326. Konstantin yana da ɗan fari, Krisbus, wanda wata mace dabam ta haifa masa tun kafin ya auri Fausta. Saurayi ne jarumi, shi ne ya ci jiragen ruwan Lisiniyus da yaƙi shekara biyu kafin wannan. Farat ɗaya ubansa ya sa aka kashe shi a Fola, wani gari a bakin teku. Ba a jima ba Fausta kanta, matar sarki, uwar 'ya'yansa maza uku, ta mutu cikin ɗakin wanka da aka zafafa fiye da kima. Aka kankare sunayensu daga duwatsun da aka rubuta su, sarki ya rufe maganar. Yusebiyus, da ya zo rubuta tarihin Konstantin, ko sunansu bai ambata ba, wannan shiru kuwa aibi ne a gare shi. Wani marubuci na ƙarshen ƙarnin nan ya ce Fausta ce ta yi ƙarar Krisbus, Helena kuwa, don tsananin baƙin cikin jikanta, ta tsauta wa ɗanta, shi ya sa ya juya a kan matarsa. Sai mu tuna kuma Fausta 'yar Maksimiyan ce, daga gidan nan da aka kori Helena dominsa. Masu zana hotuna ba su kan zana wannan ba, amma ba shi yiwuwa a ba da labarinta da gaskiya a tsallake shi.

Daga cikin wannan gida mai makoki ne ta tashi ta nufi gabas, tana kusa da shekara tamanin. Ba tafiyar talaka ta yi ba. Tafiyar sarauta ce, da rakiya da dukiya, lalle kuwa sarki yana da nasa nufi a ciki, gama ƙasashen gabas sababbin shiga hannunsa ne, yana so su ga alherin gidansa, su manta da jinin da aka zubar. Yusebiyus ya ce ta tafi ne domin ta yi godiya ga Allah saboda ɗanta da jikokinta, ta kuma yi sujada a wuraren da Mai Ceto ya taka. Ya lissafa abin da ta yi a hanya: ta yi wa birane kyauta, ta raba wa sojoji kuɗi, ta ba matalauta kuɗi da tufafi, ta saki 'yan kurkuku, ta fid da waɗanda a ke wahalshe su cikin ramukan haƙar ma'adini, ta komo da waɗanda aka kora daga ƙasashensu. Ko ƙananan majami'u na ƙauye ba ta rena su ba. A kan gan ta cikin taron masu sujada da tufafi marasa ado, tana cuɗanya da jama'a. Rufinus, wanda ya zauna shekaru da yawa a Dutsen Zaitun, ya ƙara da cewa a Urushalima ta kira budurwai waɗanda suka keɓe kansu domin bautar Allah, ta yi ɗamara irin ta baiwa, ta kawo musu abinci, ta zuba musu ruwan wanke hannu da kanta. Wadda ta yi aikin masauki tana yarinya, ba sai an koya mata wannan ba.

Urushalimar da ta tarar ba ita ce ta zamanin manzanni ba. Titus ya rushe ta cikin shekara ta 70, daga baya sarki Hadriyan ya gina birni na arna a kan kufanta, ya sāke mata suna, ya hana Yahudawa shiga. A wurin da Kirista na birnin su ke nunawa cewa nan ne kabarin Ubangiji, an cika ƙasa an gina haikalin gunki a kai. Konstantin ya umarta a rushe haikalin, a tone, ya kuma rubuta wa Makariyus, bishop na Urushalima, a gina majami'a wadda ta fi kowace kyau. Wannan ita ce majami'ar Kabari Mai Tsarki, aka keɓe ta cikin 335. Aikin sarki ne. Na Helena kuwa, bisa ga shaidar Yusebiyus, guda biyu ne: majami'a a kan kogon da ke Baitalami, inda tun da daɗewa a ke cewa nan aka haifi Yesu, da wata a kan Dutsen Zaitun, a wani kogo inda a ke cewa ya koya wa almajiransa, kusa da inda ya hau sama.

Ta gama tafiyarta ta komo wurin ɗanta. Wajen shekara ta 329 ta rasu, yana tsaye a kanta yana riƙe da hannuwanta. Aka kai gawarta Roma da rakiyar sojoji, aka sa cikin wani babban gini mai ƙubba a bayan birnin. Akwatin da aka sa ta a ciki na jan dutse ne mai tauri da a ke haƙowa a Masar, yana ajiye a Fadar Paparoma. Abin mamaki, ba wata alamar bangaskiya a jikinsa, sai mahayan Roma suna tattake kamammun yaƙi. Saboda haka masana da yawa suna ganin sarki aka sassaƙa wa shi, aka ba tsohuwar.

To, ina labarin gicciye? Gama in ka tambayi mutum ɗari abin da Helena ta yi, tasa'in da tara za su ce ita ce ta tono gicciyen da aka kashe Ubangiji a kai. Sai mu bi shaidun bi da bi. Yusebiyus, wanda ya ke zaune a ƙasar sa'ad da ta zo, mai neman kowane abin yabo kuma da zai ɗora wa gidan sarki, bai ce ta sami gicciye ba. Wani matafiyi daga Bodo ta Faransa ya zo Urushalima cikin 333, ya rubuta dukan abin da aka nuna masa, bai ambaci gicciye ba. Wajen 350 Kirilus, bishop na Urushalima, ya ce akwai itacen gicciyen a birnin, an same shi a zamanin Konstantin, guntayensa kuma sun bazu cikin duniya, amma bai kama sunan Helena ba. Sai cikin 395, shekara sittin da 'yan kai bayan rasuwarta, Ambros ya faɗi labarin da sunanta, cikin wa'azin jana'izar sarki Tiyodosiyus. Ya ce ta tona ta sami gicciye uku, ta gane na Ubangiji ta wurin allon da Bilatus ya rubuta. Bayan 'yan shekaru Rufinus ya ba da shi da wata siffa: wai aka taɓa wata mace mai ciwon ajali da itatuwan ɗaya ɗaya, na ukun ya warkar da ita. Aka ce kuma ta sami ƙusoshin, ta aika wa ɗanta, aka sa waɗansu a linzamin dokinsa, waɗansu a abin da ya ke sawa a ka. Daga baya labarin ya ƙara muni, aka shigo da wani Bayahude wanda wai ta jefa a rijiya ba ci ba sha har ya nuna wurin. Wannan ƙage ne, ya kuwa taimaka wajen hura wutar ƙiyayya ga Yahudawa har ƙarnuka da yawa.

Labarin da ya ke ƙaruwa gwargwadon nisansa da shaidun ido, ba abin dogara ba ne. Cewa an nuna wani itace a Urushalima cikin ƙarni na huɗu, wannan tabbas ne. Wata mace mai suna Egeriya, wadda ta ziyarci birnin wajen 383, ta ga jama'a suna wucewa ɗaya ɗaya suna sumbatarsa ran Jumma'ar da a ke tunawa da mutuwar Ubangiji, masu hidima na ikkilisiya kuwa suna tsaye suna tsaro, domin an ce wani ya taɓa gatsar guntu ya tafi da shi. Mai karatu zai ga inda abin ya nufa. A zamanin Gyaran Ikkilisiya, cikin 1543, Yohanna Kalbin ya yi ba'a cewa in an tattara guntayen da a ke nunawa a Turai za su cika jirgin ruwa. Ya yi ƙari, gama yawancinsu 'yan mitsi-mitsi ne, amma damuwarsa tana da tushe cikin Littafi. Macijin tagullan da Musa ya yi bisa ga umarnin Allah, wanda Ubangiji kansa ya kwatanta da ɗagawarsa a kan gicciye, Hezekiya ya farfashe shi sa'ad da mutane suka shiga ƙona masa turare (2 Sarakuna, sura 18). Don kada mu yi wa Ambros rashin adalci, shi ma ya ga haɗarin, ya kuwa yi bayani cewa Helena ba itacen ta yi wa sujada ba, Sarkin da aka rataye a kai ta yi wa.

Duk da haka, da gicciyen ne ta shiga hotuna. A ikkilisiyoyin gabas, na Girka da Rasha da sauransu, a kan zana ta da ɗanta, su biyu da kayan sarauta, gicciye yana tsaye a tsakaninsu, suna tunawa da su tare ran 21 ga Mayu. Ikkilisiyar Roma tana tunawa da ita ran 18 ga Agusta. A birnin Arezo na Italiya, wani gwanin zane, Fiyero della Faranceska, ya cika bangon majami'a da labarin gicciyen cikin ƙarni na 15. A babbar majami'ar Bitrus ta Roma akwai siffarta ta farin dutse, ta fi mutum biyu tsawo, tana riƙe da gicciye da ƙusoshi. Ingilishi ma sun so ta zama tasu, marubutansu na ƙarni na 12 suka mai da ita 'yar wani sarkin Ingila. A Habasha kuwa, inda a ke kiranta Eleni, kowace shekara wajen ƙarshen Satumba a kan yi idin Meskel, a hura babbar wuta a fili, domin a wurinsu hayaƙi ne ya nuna mata inda gicciyen ya ke binne.

Sarauniyoyi na baya kuma da ita aka riƙa auna su. A babban taron Kalkedon, cikin 451, bishop-bishop suka yi wa sarauniya Fulkeriya kirari da sabuwar Helena. Cikin 601 Gregori, bishop na Roma, ya rubuta wa Berta, matar sarkin Kent ta Ingila, ya kafa mata misali da Helena domin ta ƙarfafa mijinta cikin bangaskiya.

Majami'arta ta Dutsen Zaitun, Farisawa suka rushe ta cikin 614, sai harsashinta da aka tono a farkon ƙarni na 20. Ta Baitalami, wadda aka keɓe cikin 339, sarki Yustiniyan ya sāke gina ta cikin ƙarni na shida, ginin nan nasa ne masu ziyara su ke shiga, har da masu bi daga ƙasarmu. Cikin 1934 masu bincike suka ɗaga daɓen majami'ar, suka tarar da wani daɓe a ƙarƙashinsa, na ƙananan duwatsu masu launi iri iri, wanda ya saura daga ginin fari. An yi masa murafan katako a tsakiyar ɗakin sujada, in an buɗe su mai ziyara ya kan leƙa ya gani.